Tsofaffin Rumbuna da Gidajen Gona a Ƙasar Hausa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Maraɗi zuwa Tasawa, a shekarun baya, ya san cewa tun kafin ya hango masallacin ƙauye rumbuna ne ke fara yi masa maraba, jere a bayan gari, kowane da hularsa ta jinka. Yau a wurare da dama duwatsun da suka zauna a kai kawai za ka tarar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini, wasu daga magada da suka rasa yadda za su yi da kangon gidan gona, wasu daga ɗalibai, wasu kuma daga masu ganin maganar ba ta kai a tsaya a kanta ba.

Me ake nufi da gine-ginen gona? Ba rumbu ne kawai ba?

Rumbu ne babbansu, amma yana da 'yan uwa. Akwai rumbun kara ko na zana, wanda ake ɗaurewa a kan itatuwa. Akwai rufewa, wato babban rumbun laka mai ciki kamar tulu, da rahoniya. Sunayen kan canza daga gari zuwa gari, abin da Bakano zai kira rufewa wani a Adar ko Gobir zai ce masa rumbu kai tsaye. Sai barga, da akurki, da ɗakin tattabaru, da bukkar gona, da rijiyar lambu, da masussuka.

Bayan waɗannan na talaka, akwai gidajen gandun sarauta irin na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa a ƙasar Kano. Akwai kuma na zamanin Turawa: sito-sito na gyaɗa da auduga a gefen layin dogo, da gidajen gurzar auduga da mutanenmu ke kira bisije, da tsofaffin gine-ginen gonar gwaji ta Samaru da ta dabbobi a Shika, waɗanda aka kafa tun shekarun 1920.

Ginin lakar da bai wuce shekara arba'in ba, ina tarihi a cikinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Gaskiya ne, da wuya ka sami rufewar da ta shekara ɗari a tsaye. Amma fasahar da ta gina ta ta girmi kakannin kakanninmu. Rufewar da ka gani yau 'ya ce ga wata da ta rushe a gurbin, ita ma jikar wata ce. Abin da ake gada shi ne sanin wace ƙasa ke riƙe kanta, da kwana nawa kwaɓi zai yi kafin a taɓa shi, da yadda za a tayar da bango siriri ya yi ciki ya koma ya tsuke ba tare da ya rufta ba. Wannan sani ba a rubuce yake ba, a hannun magina yake, kuma idan aka yi shekara ashirin ba a gina ko ɗaya ba a gari, ya tafi ke nan.

Sannan tarihinmu da aka rubuta na sarakuna ne da malamai da yaƙe-yaƙe. Manomi, wanda ya ciyar da su duka, bai bar littafi ba. Rumbu ne kundinsa. A bakinsa ake ƙirga dami, a nan ake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Maigida ne ke buɗe rumbun gandu ya auna wa gida abinci, yayin da abin da mace ko saurayi ya samu a gayaunarsa ke da nasa ma'aji daban, don haka tsarin rumbunan gida kaɗai ya isa ya gaya maka yadda iko da haƙƙi suka rabu a cikinsa. Manomin da ya yi dubu, wato ya noma dami dubu a shekara guda har aka yi masa biki, da rumbunansa ake shaidarsa. Mai neman aure ma, dangin yarinya kan saci kallon bayan gidansu.

Kuma ƙasar nan ta sha yunwa. An yi Kakalaba a 1914, aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau a 1942, ga farin 1973 da har yanzu akwai masu tuna shi da idonsu. Gidan da ya tsira da mutuncinsa a irin waɗannan shekaru shi ne mai tsohon hatsi, na bara da na bara waccan, a rumbun da ba a taɓawa sai ta ɓaci. A Nijar Turawan Faransa sun tilasta wa ƙauyuka ajiye hatsi a rumbunan tanadi, abin da mutane suka ƙi jini saboda yadda aka yi shi da ƙarfi, amma kalmar rumbun tsimi ta zauna, har yau da ita ake kiran bankunan hatsi na ƙauye. Wanda ya rushe rumbu na ƙarshe a gari ya rufe ƙofar da yaro zai bi ya fahimci duk wannan.

Yaya ake gina rufewa?

Da rani ake yi, bayan an gama kawar da amfanin gona. A jera manyan duwatsu, a shimfiɗa itace mai ƙwari a kai, a daɓe da laka. Ɗaga ta daga ƙasa shi ne sirrin farko: danshi ba ya hawa, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kaji kuma na shiga inuwar su tsince gara. Ƙasar ginin ana cuɗe ta da ramno, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Ba a sa tubali. Magini na ɗora laka zagaye bayan zagaye kamar mai ginin tukunya, ya bar kowane zagaye ya sha iska kafin ya ɗora wani, shi ya sa aikin ba ya son gaggawa. A ƙarshe a bar baki a sama, a haɗa jinka a ƙasa da tsaiko da shuci, maza su taru su ɗaga ta. Daga irin wannan aiki aka samo maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gero da dawa da zangarniyarsu ake zubawa, ba a sussuke ba. Gero musamman, idan ya bushe sosai, yana iya shekaru a haka.

To me ke kashe su?

Ruwa ne ke kayar da su, amma sakaci ne ke buɗe masa hanya. Ginin laka yaɓe yake so da baibaya a kai a kai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da can samarin gida ne ke wannan aiki. Yanzu lokacin yaɓe ya yi daidai da lokacin da suke Legas ko Abuja ko Agadas wajen cin rani, gandu kuma ya watse, kowa na noma tasa.

Kayan aikin ma sun yi wuya. Gamba da shuci sun ja baya saboda an nome dajin da suke fitowa. Giginyar da ake fasa azara ta yi ƙaranci. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, ga shi ana sare ɗorawa ana ƙona gawayi. Laso, wanda shi ne simintin kakanninmu, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Marina ta mutu a gari, laso ya bi ta. Sana'o'in nan a sarƙe suke, ɗaya ta faɗi sai ta ja sauran.

Sai babban abin baƙin ciki na wannan zamani. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun ƙone rumbuna ba adadi, wasu kuma sun kwashe abin da ke ciki. Rumbu a fili yake, kowa na ganin arzikin gida. Dole manomi ya sussuke da wuri, ya ɗura a buhu, ya kai gari ko ya sayar. Ba wanda zai ga laifinsa. Ƙauyuka da yawa ma sun zama kufai, rumbunansu na narkewa damina bayan damina.

A gefen birane kuwa filoti ne. Gonar da ke bakin Kano ko Zariya ko Damagaram ta fi tsada a yanke ta fegi-fegi, kuma katafila ba ta tambayar shekarun abin da ta tarar.

Buhu da sito na bulo ba su fi rumbu ba?

A wasu abubuwa sun fi, kuma bai kamata son tsohon abu ya sa a ɓoye hakan ba. Wake, alal misali, ƙwaro na cinye shi a rumbu cikin 'yan watanni, amma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, yana riƙe shi ba tare da magani ba. Masarar da aka ɓare ma ta fi son buhu. Mai niyyar kai kaya kasuwar Dawanau buhu zai nema. Sito kuma ana sa masa kwaɗo.

Amma ga gero da dawa na cin gida, rufewa na da abin da sito mai rufin kwano ba shi da shi. Laka na numfashi, cikinta da sanyi ko a tsakiyar bazara. Kwano na ɗaukar zafi da rana ya yi gumi da dare, buhun da ke jingine da bangon siminti ya jawo danshi ya yi funfuna. Tsaba a buhu kan buƙaci maganin ƙwari, kuma an sha rasa rayuka saboda ajiye hatsi mai ƙwayar magani a ɗakin da ake kwana. Akwai wani amfanin da tsofaffi suka fi mu sani: hatsin buhu kuɗi ne a hannu, ko wace 'yar buƙata ta taso sai a ɗauki ɗaya a kai kasuwa. Na rumbu sai an hau, an fitar, an sussuka, an shiƙe, kafin nan zuciya ta huce. Gidan da ya haɗa biyun, wake a buhu gero a rumbu, shi na fi ganin ya dace.

In shafe tsohon ginin da siminti mana, a huta da yaɓen kowace shekara?

Kada ka yi. Siminti da laka ba sa tafiya tare wajen miƙewa da tsukewa, don haka shafen kan tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa lakar daga ciki. Daga waje kana ganin bango lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu, rana ɗaya ya zube gaba ɗaya. Ƙasar da aka gina shi da ita, da ita za a gyara shi. Abin da zai taimaka shi ne jinka mai faɗin baki da za ta jefa ruwa nesa da bango, da indararo mai tsawo idan soro ne, da gyara ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta a gindin gini ba.

Akwai dokar da ta kare irin waɗannan gine-gine?

A Nijeriya akwai dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Hukumar na da ikon sa a ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, kuma idan an ayyana, laifi ne a rusa shi ko a sauya shi ba da izini ba. Dokar ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. A nan rumbu ke faɗuwa jarrabawa, domin shi kullum sabuntawa ake yi.

Duba abin da aka ayyana a Arewa: Gidan Makama da ganuwar Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, gidan Madaki a Kafin Madaki, zanen duwatsu na Birnin Kudu. Yawanci fada ce da masallaci da ganuwa. Su ɗin ma ba su tsira ba. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu kuma an cinye mafi yawanta da gidaje da shaguna. Wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka. Tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a ruwan Satumban 2024. Idan wannan ne halin manya, mai rumbu kada ya zauna jiran takarda daga Abuja ko Yamai. Mai unguwa da dagaci da hakimi sun fi kusa, kuma maganarsu ta fi saurin hana a taɓa wuri.

An taɓa karrama ginin manoma a wani wuri kuwa?

An taɓa, kuma a kusa da mu. Wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999, shi ne Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa. Abin da aka karrama a can ya haɗa da gidan Hidi, wato sarkinsu, da gonakin da aka daddatse a jikin dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da rumbuna da ramukan kiwon shanu. Mutanen Sukur ba Hausawa ba ne, amma darasin ya shafe mu: ƙauyen manoma ne ya riga kowace fada ta ƙasar Hausa shiga jerin. Tsohon birnin Agadas ya shiga a 2013. Masallacin laka na Yama a jihar Tawa, wanda maginin ƙauye Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Mun gaji gidan gona mu goma sha biyu, wasu na son a sayar. Ya za mu yi?

Gado haƙƙi ne da Allah ya raba, kuma ba daidai ba ne a hana marayu ko gwauruwa rabonsu da sunan tarihi. Daga nan za a fara. Amma raba gado bai wajabta rushe gini ba. Ana iya yi wa gidan kuɗi, mai sha'awar riƙe shi ya biya sauran. Ana iya yanke ɗan wurin da zaure da rumbuna suke, a sa shi a rabon wanda zai zauna a ƙauyen, a daidaita wa sauran da gona. Idan duk magada baligai ne kuma sun yarda, suna iya mayar da wannan yanki wakafi, zauren ya zama makarantar allo, rumbun ya zama na tsimin unguwa ko ma'ajin zakka. A rubuta, a sa shaidu, dagaci ya sani.

Abin da na gani da idona shi ne, ginin da ba a ba kowa ba shi ne ke fara faɗuwa. A gidanmu rufewa uku kakanmu ya bari. Biyu aka ce na kowa ne, ko shekara biyar ba su yi ba. Ta ukun ta faɗa rabon wata gwaggonmu da ba ta yarda damina ta same ta ba baibaya, har yanzu ana zuba mata gero.

Gandun sarakuna da rinji wuraren bauta ne. Me ya sa za a adana abin kunya?

Domin ya faru. Manyan gandaye na ƙarni na 19 bayi ne suka nome su, kuma rinji ƙauyen bayi ne da ke noma wa ubangijinsu. Fanisau, wadda Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya ƙarfafa a matsayin ribaɗi, kuma inda Baturen nan Kilafatan ya gana da shi a 1824, gonakin sarauta ne suka kewaye ta. Gandun Albasa da ke cikin Kano yau unguwa ce, sunan kawai ya rage. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, wato ba wani nisa ba ne.

Gidajen sarki na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa sun rayu saboda ana hawan salla zuwa can, ana gyara su. Bukkoki da rumbunan waɗanda suka yi noman kuwa babu ko alamarsu. Idan aka adana soron mai gandu aka manta da masu fartanya, rabin labari aka bayar. Ina ganin wajibi ne duk inda za a yi bayanin irin wannan wuri a faɗi su wa suka yi aikin. Sai dai a yi da hankali, domin jikokinsu na nan, maƙwabtanmu ne kuma surukanmu, ba wanda ke da ikon nuna gidan wani da yatsa. Su za a fara tambaya me suke so a faɗa.

Dalar gyaɗa fa?

Dala ba gini ba ce, buhuna ne aka jera, ta tafi da tafiyar cinikin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a hannun 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, sannan fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka karya shi a shekarun 1970. Abin da ya rage shi ne sito-sito da ɗakunan awo a tashoshi har zuwa Nguru da Ƙauran Namoda. Su ne suka fi sauƙin ceto, tunda da dutse da ƙarfe aka yi yawancinsu, kuma har gobe za su iya aikin ajiya.

Idan gini ya riga ya lalace har ba a iya ceto shi fa?

A ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa, ciki da waje, da mutum tsaye a gefe don a gane girmansa. A auna tsawo da faɗi da kaurin bango. Mafi muhimmanci, a zaunar da tsoho ko tsohuwar da ta san shi, a kunna rikoda ta waya: wa ya gina, a ina aka ɗebo ƙasa, dami nawa yake ci, wace shekara aka taɓa shanye shi ƙaf. A kai kwafi sashen tarihi na jami'a mafi kusa, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, ko Arewa House a Kaduna. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano, kuma awo da zanen da aka yi tun asalin na tsaye ne suka sa hakan ya yiwu. Azara da duwatsun gindi kada a ƙone ko a zubar, suna shiga sabon gini.

Ni ɗan birni ne, ba ni da gona. Da me zan taimaka?

Da kuɗin yaɓe da baibaya na rumbu ɗaya a garinku, wanda bai kai abin da kake kashewa a ɗinkin salla ba. In da hali ka ƙara da abin da ya fi: ka nemo maginin da ya rage, ka biya shi ya gina sabuwar rufewa, da sharaɗin samari biyu ko uku su tsaya tare da shi daga jera duwatsu har ɗora jinka. Su ma a biya su, don ba za su bar acaɓa su zo koyon aikin kyauta ba. Makarantar firamare ko sakandaren gari wuri ne mai kyau na yin wannan, yara na kallo.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi gyaran?

A yanki shuci da gamba da kaka, kafin gobarar daji da dabbobi su riga ka. A yi kwaɓi da yaɓe bayan sanyin hunturu ya sassauta, domin iska mai tsananin bushewa na fasa ɗanyen yaɓe. Baibaya kuma a gama ta kafin hadarin farko na bazara. Kafin a zuba sabon hatsi a fitar da ragowar tsohon, a share ciki, a toshe ramukan ɓera, a turara hayaƙi, a barbaɗa toka a ƙasa, wasu kan shimfiɗa ganyen darbejiya. Da damina kuma, duk bayan ruwa mai ƙarfi, wani ya zagaya ya duba gindin bangon gabas, tunda ta nan ruwanmu ya fi bugowa.